Sufurin Magunguna: Ƙa'idojin Inganci Da Tsaro Daga Tashar Jirgin Ruwa Zuwa Kanti

Akasarin magungunan da ake amfani da su a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin, kuma mafi yawansu ta Legas suke sauka. Ko waɗanda ake sarrafawa a cikin gida ma, da yawa daga masana'antunsu suna jihohin Legas da Ogun ne. Saboda haka kafin ƙwayar magani ta kai hannun majinyaci a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sai ta yi makonni cikin kwantena a kan teku, ta yi kwanaki tana jiran kwastan a Apapa ko Tin Can, sa'an nan ta hau mota ta yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye da haka.

A duk tsawon wannan tafiya akwai hannun 'yan kasuwar Hausawa mazauna kudu, tun daga masu sari a Idumota da Anacha da Aba, har zuwa 'yan kamasho da masu manyan motocin da kan sauke shanu da albasa a kudu su koma arewa da kwalaye. Wannan darasi zai duba ƙa'idojin da aka shimfiɗa don kiyaye ingancin magani da tsaronsa a kan hanya, da dalilin shimfiɗa su, da kuma abin da suke nufi ga aljihun mai kaya da mai mota.

Abin Da Ya Bambanta Magani Da Sauran Kaya

Idan tumatir ya ruɓe a hanya, mai saye a kasuwar Mile 12 zai gani da idonsa, ya rage kuɗi ko ya ƙi ɗauka. Idan ruwa ya taɓa siminti, buhun zai daskare, kowa ya sani. Magani kuwa yana iya rasa ƙarfinsa alhali kwalinsa na nan sabo fil, launinsa bai sauya ba, ranar ƙarewar wa'adin da aka buga a jikinsa kuma tana nan da sauran shekara biyu. Mai kemis ba zai gane ba, likita ba zai gane ba, shi kansa majinyacin da ya sha bai warke ba sai ya ɗauka cutar ce ta yi ƙarfi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin illar irin wannan kasuwa. A 1970 wani masani Ba'amurke mai suna George Akerlof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi nazari a kan cinikin tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa a duk kasuwar da mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da maras kyau, to, kuɗi ɗaya zai biya wa dukansu. Daga nan sai wanda ya kashe kuɗi wajen kula da kayansa ya riƙa faɗuwa, wanda bai kula ba ya riƙa cin riba, har a wayi gari mai kyau ya ɓace daga kasuwar. Mafita a nan ita ce shaida, watau wata hanya da mai kaya zai bi ya tabbatar wa mai saye abin da ido ba ya gani. Duk ƙa'idojin sufurin magani a kan wannan suka ginu. Ana so magani ya isa kamar yadda ya bar masana'anta, kuma a sami rubutacciyar hujja cewa haka ɗin ya isa.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, magani 1 cikin kowane 10 ko dai jabu ne ko kuwa bai kai ingancin da ake bukata ba. Wani kaso na wannan rukuni na biyu magani ne da aka sarrafa shi daidai, amma ya lalace a hanya ko a sito.

Zafi Da Sanyi Da Laima

Kowane magani yana da iyakar zafin da aka gwada shi a kai, kuma ana rubuta ta a jikin kwali. Akasarin ƙwayoyi da kafso da magungunan ruwa ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30 a ma'aunin Salsiyos, wasu kuma tsakanin digiri 15 da 25. Rukuni na biyu shi ne masu bukatar sanyin firiji, watau digiri 2 zuwa 8, kamar yawancin alluran rigakafi, da insulin na masu ciwon sukari, da oksitosin da ake yi wa mata don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Akwai kuma 'yan kaɗan da sai an daskarar da su, kamar rigakafin korona na kamfanin Pfizer wanda da farko aka riƙa jigilarsa a kimanin digiri 70 ƙasa da sifiri.

Ranar ƙarewar wa'adi alkawari ne mai sharaɗi. Masana'anta tana cewa maganin zai yi aiki har zuwa wannan rana matuƙar an ajiye shi yadda aka rubuta. A rabe-raben yanayi da ake amfani da su wajen gwajin magunguna, Nijeriya tana cikin yanki mai zafi da laima ƙwarai, inda ake gwaji a digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100. To amma cikin kwantenar ƙarfe da ta wuni a rana zafi kan haura digiri 50, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin waje kansa kan zarce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi na gaba ɗaya, cewa duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewar sinadari aƙalla sau biyu. Bisa wannan lissafi, kwana ɗaya a digiri 50 yana iya cin abin da kwana 4 ko fiye za su ci a digiri 30. Lalacewar kuma taruwa take yi, domin abin da zafin Apapa ya ci ba ya dawowa don an sa kayan a ɗaki mai sanyi a Kano.

An ga sakamakon wannan a zahiri. Wani bincike da aka gudanar a Nijeriya a 2016 tare da haɗin gwiwar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa kimanin kashi 74 cikin 100 na samfuran oksitosin da aka gwada ba su cika ma'aunin ƙarfin da ya kamata ba, kuma rashin ajiya cikin sanyi na daga cikin dalilan da aka danganta abin da su. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a ƙasar nan.

Sanyin da ya wuce kima shi ma ɓarna ne. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki, haka ma rigakafin ciwon hanta da na tetanus. Sau da yawa wannan ɓarna tana faruwa ne a hannun mai kyakkyawar niyya, wanda ya ciro ƙanƙara daga firiza ya jingina kwalaben da ita kai tsaye. Ƙa'ida ita ce a bar fakitin ƙanƙarar ya fara narkewa har a ji motsin ruwa a ciki kafin a jera shi a akwati, a kuma sa shamaki tsakaninsa da maganin. Tun 1996 aka fara liƙa wa kwalaben rigakafin shan inna wata 'yar alama mai sauya launi gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, amma wannan alama zafi kawai take nunawa, ba ta nuna daskarewa.

Ƙa'idojin Duniya Da Dokokin Gida

Tushen ƙa'idojin da yawancin ƙasashe ke bi shi ne jagoran kyakkyawan tsarin rarraba magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta fitar da bugunsa na 2010, ta bi shi da jagora na musamman a kan kayan da ke bukatar sanyi a 2011, sa'an nan ta sabunta tsarin ajiya da rarrabawa a 2020. Tarayyar Turai ma ta fitar da nata a 2013, wanda ya ɗora wa dillalin da ya aika kaya alhakin kare su daga fashewa da gurɓata da sata, ya kuma wajabta gwada na'urorin auna zafi na motoci aƙalla sau ɗaya a shekara, da adana takardu na tsawon shekara 5 ko fiye. A fannin jiragen sama, ƙungiyar kamfanonin sufurin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta liƙa wata alama ta musamman a kan kayan lafiya masu bukatar kula da zafi tun daga Yulin 2012, kuma a 2014 ta ƙaddamar da shirin ba da takardar shaidar ƙwarewa ga kamfanoni da filayen jirgin da ke ɗaukar magunguna.

A gida Nijeriya, dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ce ta kafa NAFDAC, shekara 3 bayan mutuwar yara 109 a 1990 sakamakon shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. Ikon hukumar ya haɗa da shigo da magani da sarrafa shi da rarraba shi da sayar da shi, kuma tana da nata ƙa'idojin rarrabawa da ta gina a kan na Hukumar Lafiya ta Duniya. Rajistar wuraren ajiya da sayar da magani kuwa tana hannun Majalisar Kula da Harkokin Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Magungunan da ke sa maye suna da ƙarin sa ido daga hukumar NDLEA da aka kafa a 1989.

Akwai wata doka da ya kamata kowane mai mota ya sani, watau dokar hana jabun magunguna ta 1999. Ta haramta sayar da magani a kasuwa ko tashar mota ko gefen hanya ko cikin bas da sauran ababan hawa, kuma ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tara, ko duka biyu, ga wanda aka samu da laifin sarrafa jabun magani ko shigo da shi ko rarraba shi ko mallakarsa. Direban da aka tare da lodin jabu zai sha wahalar gamsar da hukuma cewa bai san abin da ya ɗauko ba, in dai babu takarda a hannunsa mai nuna wanda ya ba shi kayan da wanda zai kai wa.

Abin Da Ake Bukata A Kan Hanya

Sharaɗi na farko shi ne ita kanta motar. Lalle ne ta kasance rufaffiya, mai tsabta, busasshiya, wadda ba ta yoyo. Buɗaɗɗiyar tirela da aka lulluɓe da tamfol tana kare kaya daga ruwan sama, amma baƙin tamfol yana tara zafi, kuma kwalayen da ke sama su ne ke shan rana tun daga Ogbomosho har Jebba da Mokwa. Motar da ta sauke dabbobi ko takin zamani ko maganin ƙwari ba ta dace da ɗaukar magani ba sai an wanke ta sarai ta bushe, kuma ba a haɗa magani lodi ɗaya da fetur ko fenti ko sinadaran gona, domin kwali yana shan wari da danshi. Ana jera kwalaye a kan katako, ba a ƙasan mota ba, a bar sarari tsakaninsu da bangon ƙarfe, a kuma kiyaye yawan jerin da masana'anta ta yarda a ɗora.

Na biyu shi ne aunawa. Akwai 'yar ƙaramar na'ura da ake sakawa cikin lodi, wadda ke rubuta zafin wurin kowane 'yan mintoci tun daga lodi har saukewa. Mai karɓar kaya zai karanta ta kafin ya sa hannu. Idan ta nuna an ƙetare iyaka, sai a ware kayan gefe guda, a sanar da wanda ya aiko, a tambayi masana'anta ko maganin zai iya jure abin da ya sha. Wannan hukunci ba na direba ba ne, ba kuma na mai sito ba ne. Ita ma motar mai injin sanyi sai an gwada ta an san inda ya fi zafi da inda ya fi sanyi a cikinta, a sanyaya ta kafin a fara lodi, a kuma hana direba kashe injin da dare don tsimin man dizal.

Na uku shi ne lokaci. Yawancin ɓarna ba a cikin tafiya take aukuwa ba, a wurin tsayuwa ne: kwantenar da ke jiran takardun kwastan, motar da ta lalace a daji, ko kwalayen da aka sauke a tasha ana jiran wata motar. Ɗan kasuwa mai lura yakan kammala takardun NAFDAC da na kwastan kafin jirgi ya iso, ya yi lodi da asuba ko da yamma, ya kuma tanadi abin da za a yi idan mota ta tsaya. Akwatin sanyi da aka gwada a kan awa 48 bai kamata a ba shi tafiyar da kan iya kai kwana 4 ba. Wa'adin magani ma lokaci ne, shi ya sa ƙa'idar sito ita ce a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. A Disambar 2021 gwamnatin tarayya ta lalata alluran rigakafin korona na AstraZeneca fiye da miliyan 1 a Abuja, saboda an kawo su gudummawa alhali saura 'yan makonni wa'adinsu ya ƙare. Wannan darasi ya shafi kowane mai sari da aka yi wa tayin kaya da rangwame mai yawa.

Tsaro: Sata Da Karkatarwa Da Cusa Jabu

Magani kaya ne maras nauyi mai tsada, wanda ke da kasuwa a ko'ina. Tun bayan cire tallafin fetur da sakin darajar Naira a tsakiyar 2023, da sanarwar da kamfanin GSK ya yi a watan Agusta na wannan shekarar cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin magunguna da dama ya yi tashin gwauron zabo, kuma duk abin da ya ƙara daraja ya ƙara jan hankalin ɓarayi.

Haɗarin iri uku ne. Akwai sata, ko dai ta lodi gaba ɗaya ko ta zare kwali ɗaya ko biyu. Akwai karkatarwa, inda kayan halal ke barin hanyar da aka nufa su faɗa wata kasuwa, kamar magungunan zazzaɓin cizon sauro na gudummawa da akan tsinta a kanti, ko maganin tari mai kodin wanda yawan karkatar da shi zuwa hannun matasa ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a Mayun 2018. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne cusa jabu cikin kayan gaske a wurin da ake sauya mota ko sauya hannu.

Tsaro da inganci ba sa rabuwa. A 2009 an sace wata mota a jihar North Carolina ta Amurka ɗauke da kwalaben insulin samfurin Levemir kimanin 129,000. Bayan 'yan watanni wasu daga cikinsu suka ɓulla a kasuwa, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar kuma ta yi gargaɗi bayan samun rahoton majinyatan da sukarinsu ya ƙi daidaituwa. Maganin na gaske ne, amma ɓarawo ba ya ajiye kaya a firiji. Kusa da gida kuwa, a lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu da ta shiga cikin kayan gudummawa, kuma an ƙiyasta cewa mutum 2,500 sun rasa rayukansu a sanadin haka.

Matakan kariya sanannu ne. A rufe mota da hatimi mai lamba, a rubuta lambar a takardar rakiyar kaya, mai karɓa ya duba ta kafin a buɗe. Idan jami'an tsaro suka buɗe don bincike a hanya, a rubuta wuri da lokaci, a sa sabon hatimi. Kada a rubuta a jikin mota abin da ta ɗauko, kuma kada labarin lodi ya wuce waɗanda aikin ya shafa. A sa na'urar bin sawu, a tsayar da hanyar da za a bi da wuraren da za a kwana tun kafin tashi, a hana ɗaukar fasinja ko ƙarin kaya a hanya. A san direba da yaron mota da masu tsaya musu. Ita kuwa takardar rakiya, lalle ta ƙunshi sunan magani da yawansa, da lambar rajistar NAFDAC, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar ƙarewar wa'adi, da sunan mai aikawa da mai karɓa. Lambar rukuni ita ce ke ba da damar janye magani daga kasuwa idan an gano yana da illa, kamar yadda aka yi da maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Tun 2010 kuma NAFDAC ta fito da tsarin kankare lamba a jikin wasu magunguna a aika ta wayar hannu don tabbatar da sahihancinsu.

Kasuwa Tana Sauyawa

Shekara da shekaru babbar hanyar magani a Nijeriya ita ce buɗaɗɗiyar kasuwa: Idumota a Legas, da Bakin Gada a Anacha, da Ariaria a Aba, da Sabon Gari a Kano. Tsarin rarraba magunguna na ƙasa da gwamnatin tarayya ta tsara a 2012 ya tanadi a maye gurbinsu da cibiyoyin sari na bai ɗaya ƙarƙashin sa idon hukuma. An yi ta ɗage wa'adin aiwatarwa, har zuwa Fabrairun 2024, lokacin da NAFDAC da PCN suka rufe shaguna fiye da 1,000 a Kano bayan hukuncin babbar kotun tarayya, aka umurci masu su da su koma cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. A Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba na tsawon makonni, ta kwashe lodin manyan motoci fiye da 100 na magungunan jabu da haramtattu da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Cikin abin da hukumar ta ce ta tarar har da alluran da ke bukatar firiji an jibge su a ɗakuna masu zafi.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, wanda jarinsa ke cikin waɗannan kasuwanni ya yi makonni ba ciniki, ko da kayansa na halal ne, kuma wanda ba shi da takardar da ke nuna asalin kayansa shi ya fi shan wuya. Kazalika manyan masu saye, kamar hukumomin samar da magunguna na jihohi da manyan asibitoci da ƙungiyoyin agaji na duniya, sun fi karkata ga mai jigilar da zai iya nuna rajista da rahoton zafi.

Lissafin Riba Da Asara

A ɗauki misali don darasi kawai. Ɗan kasuwa yana da lodin magani na Naira miliyan 60 daga Legas zuwa Kano. A ce bambancin kuɗin mota ta kullum da rufaffiyar mota mai na'urar auna zafi da hatimi da bin sawu ya kai Naira miliyan 1 da dubu 200. Wannan kashi 2 ne cikin 100 na darajar kayan. Ma'anarsa ita ce, idan har akwai yiwuwar lodi 1 cikin 50 ya salwanta ta hanyar sata ko kamu ko ƙin karɓa, to, ƙarin kuɗin ya biya kansa. Wannan lissafi bai haɗa da asarar suna da rasa abokin ciniki ba. Araha dai ba ta ado.

Inshora ma tana bukatar karatu da kyau. Inshorar kaya ta yau da kullum ba ta biyan asarar da jinkiri ya jawo, kuma lalacewa saboda zafi sau da yawa sai an saye ta a matsayin ƙarin sharaɗi. Ko an saya, kamfanin inshora zai nemi rahoton na'ura kafin ya biya. Mai shigo da kaya kuma ya lura da sharuɗɗan cinikin ƙasa da ƙasa. A tsarin FOB da CIF, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye ne da zarar an ɗora su a jirgi a tashar Indiya ko Sin, ko da mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgin. Bisa bugun 2020 na waɗannan sharuɗɗa, CIF ƙaramar inshora kawai ya wajabta wa mai sayarwa, alhali CIP ya wajabta mai faɗi. Wanda bai san wannan ba yana iya ɗauka an rufe shi, sai ranar da kwantena ta iso da matsala.

Tsakanin mai kaya da mai mota kuwa, amana da sanayya suna da muhimmanci, amma ba su wadatar ba. Ƙa'idojin duniya sun bukaci rubutacciyar yarjejeniya, wadda za ta fayyace iyakar zafi, da hanyar da za a bi, da wanda za a kira idan an sami matsala, da wanda zai ɗauki asara, da kuma hana miƙa lodin ga wata mota ba tare da izini ba.

Kammalawa

Kafin mai kaya ya saki lodi, ya kamata ya tabbatar da abubuwa biyar: wanda ya sayar masa da wanda zai kai wa duk suna da rajista, ya karanta iyakar zafin da ke jikin kwali ya zaɓi mota daidai da ita, an sa na'urar aunawa da hatimi, takardar rakiya ta cika har da lambar rukuni, inshorarsa kuma ta ƙunshi haɗarin da yake tsoro. Shi ma mai mota yana da haƙƙin ƙin ɗaukar kwalin da ba a gaya masa abin da ke ciki ba, ko wanda ba shi da takarda.

Ga masu manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin kudu da arewa, akwai kasuwa a nan wadda ba ta cika ba tukuna. Rufaffun motoci masu sanyi da direbobin da aka horar sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da yawan maganin da ke bin wannan hanya kowace rana, kuma wanda ya fara zuba jari a wannan fanni, ya riƙe takardunsa daidai, shi zai fi samun kwangilar masana'antu da manyan dillalai. Ban da riba kuma, kowane kwali da ke cikin motar akwai majinyacin da ke jiransa, wanda ba shi da hanyar sanin irin tafiyar da maganin ya yi kafin ya iso gare shi.